Buhun da ya tsaya bakin ƙofa

Shekaranjiya da dare muna teburin mai shayi nan Mabera, ɗari ya fara sauka kowa ya naɗe kai kamar Buzu, sai wani yaro ɗan kabu-kabu ya miƙo min waya wai in duba wani bidiyo. Manyan motoci ne irin na Pakistan ɗin nan da ake yi ma ado kamar amarya, fenti kala-kala da sarƙoƙi suna reto, sun yi layi a iyakar Torkham an lafta musu kaya har sama. Kayan gida ne zalla, katifa, gadon igiya, tukwane, fanka, keken yara, har ƙyauren ƙofa da taga da azarar rufin ɗaki an ciro an ɗaure. Can ƙololuwa kuma mata da yara ne zaune bisa kayan, ƙura ta yi musu fururu.

Wani dattijo da ke gefena ya leƙo ya ce su wa ke nan, aka ce mai 'yan Afganistan ne aka koro za su ƙasarsu. Sai ya ce, "To ai gida za su, mi na abin tausai? Namu mutanen Isa da Sabon Birni da sun samu mota ta maishe su gida ai da biki za su yi." Aka yi dariya aka ce wallahi Baba ka yi gaskiya. Ni ban ce komi ba, ba a musu da dattijo a teburin shayi, amma maganar ta bi ni har gida ta hana ni barci, shi ya sa na tashi nake wanga rubutu.

Matsalar tana cikin kalmar gida ɗin. Mutanen nan tun ƙarshen 1979 suka fara fita, lokacin da sojan Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar, miliyoyi suka tsallaka Pakistan da Iran. Sobiyet ta fita 1989 aka shiga yaƙin basasa, Taliban ta zo, Amurka ta zo 2001 ta yi shekara 20 ta tafi, Taliban ta dawo Kabul ranar 15 ga Agusta 2021. Kowane juyi da nashi ayarin masu gudu. To lissafa mana, yaron da aka goya aka tsallaka da shi a 1980 yanzu ya ba arba'in baya, ya yi aure a Peshawar ko Kwetta, ɗiyanshi can aka haife su, wasu har da jikoki. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara 9 da ta tashi tana jin Urdu a makaranta ka ɗora ta bisa mota ka ce ta koma gida, wane gida? Ƙauyen da kakanta ya baro watakila gonar tana hannun wani shekara talatin, ɗakin kuma ruwa da yaƙi sun mai da shi tudu.

Mu ma fa ba baƙon abu ba ne gare mu. A 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, Hausawa da Yarbawa da aka haifa a zangon Kumasi da Ankara suka kwaso kaya suka dawo ƙasar da wasunsu a labari kawai suka san ta. A Janairun 1983 mu ma muka rama, zamanin Shehu Shagari, ɗan jiharmu, aka ba baƙi mako biyu, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka fita, jakar da suka zuba kayansu har yau da sunansu muke kiranta kuma ba mu jin komi in mun faɗa. Irin wannan ce Pakistan ta yi a Oktoban 2023, ta ce duk marar takarda ya fita kafin 1 ga Nuwamba, aka ƙayyade kuɗin da iyali za su fita da shi, rupi dubu 50, dabbobi kuma a bar su. Mutum ya yi shekaru yana tara shanu ko ya buɗe shago sai ya sayar a wulaƙance cikin kwana kaɗan, kowa ya san farashin mai gaggawa. Daga baya aka bi masu katin rajista ma. Iran ita ma ta sa nata wa'adi a 2025, kuma bayan yaƙin kwana 12 da ta yi da Isra'ila a watan Yuni abin ya zama kamar an ɓalle dam, akwai ranakun da sama da mutum dubu 30 ke ratsa iyakar Islam Kala a yini guda, cikin zafin da ya wuce 40, zafin da mu 'yan Sakkwato mun san shi a watan Afrilu, wanda ko takalmin roba narkewa yake so ya yi bisa kwalta. A 2025 kaɗai waɗanda suka koma daga ƙasashen biyu sun haura miliyan 2.

A bakin iyaka akwai agaji, ba a ce babu ba. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR ta 'yan gudun hijira da IOM ta masu ƙaura da UNICEF ta yara, da ƙungiyar Red Crescent ta ƙasar da wasu ƙungiyoyi suna nan, a rubuta sunanka, a ɗiga ma yara maganin shan inna don Afganistan da Pakistan su kaɗai suka rage da ainihin cutar a duniya tun da aka wanke Najeriya a 2020, a ba da ruwa da abinci, a duba marar lafiya, a ba iyali ɗan kuɗin mota da na 'yan kwanaki. Har zama ake da yara a nuna musu hoton nakiya da harsashin da bai fashe ba, don ƙasa ce da aka shekara arba'in ana binne mata ƙarfe, kuma yawancin waɗanda abin ke tashi da su yara ne, wasu wurin kiwo wasu wurin tsintar ƙarfen sayarwa kamar 'yan jari-bolanmu. Duk wannan na kwana biyu ne ko uku. Daga nan mota ta sauke ka a bayan garin Jalalabad ko Herat ko Kandahar, ka kafa tanti a fili, nan ne ainihin gudun hijirar ke farawa, kuma nan ne masu kyamara ke juyawa.

Sai sanyi. Mu da hunturu ya ɗan matsa sai mu hura wuta muna kuka, lebe ya tsage a nemi man kaɗe. Kabul tana bisa tudun da ya kai mita 1,800, ƙanƙara ke sauka, a Janairun 2023 an yi sanyin da a wasu wurare ya wuce 30 ƙasa da sifiri, ya kashe mutum sama da 160 da dabbobi dubbai. Suna da wata dabara da suke kira sandali, ɗan gajeren tebur ne a sa kaskon garwashi ƙarƙashinshi a lulluɓe da ƙaton bargo, duk gida a zauna kewaye a cusa ƙafa ciki, nan ake ci nan ake kwana. To wannan sai mai ɗaki da gawayi. Wanda ke tanti leda yake ƙonawa da tsohon takalmi da kwali, hayaƙin ya cika ma jariri ƙirji, kafin a ankara limoniya ta kama shi.

Ƙasar kuma ita kanta ba ta zauna lafiya ba. Yunin 2022 girgizar ƙasa a Paktika ta kashe sama da mutum 1,000. Mayun 2024 ambaliya a Baglan ta ci ɗaruruwa, bayan shekaru ana fari. Daren 31 ga Agusta 2025 wata girgizar a Kunar ta kashe sama da 2,200, cikinsu har da waɗanda ba su daɗe da dawowa daga Pakistan ba. Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta Herat, ranar Asabar 7 ga Oktoba 2023, duba ranar da kyau, ranar da aka fara abin Gaza ce, duniya duk ta juya can, ni kaina sai bayan kwanaki na ji labarin. Ƙauyuka ne na ginin ƙasa a gundumar Zinda Jan, irin sorayenmu, suka kwanta gaba ɗaya, mutum kusan 1,500 suka rasu, kuma UNICEF ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na mamatan mata ne da yara. Dalili kuwa da hantsi abin ya faru, maza suna gona suna kiwo wasu suna Iran wurin leburanci, mata da yara ne ke cikin ɗaki.

Maganar cikin ɗakin nan ita ta kawo ni ga abin kunyar da na daɗe ban faɗa ba.

Azumin bara waccan mu 'yan ajinmu na sakandare muka yi karo-karo a gurup ɗinmu na WhatsApp, masu aiki Abuja da Legas suka yi ƙoƙari sosai, aka ce ni da ke gida in jagoranci rabo. Akwai wani kango bayan gari, ginin wani ne da bai ƙarasa ba, ba ƙofa ba taga sai buhunan siminti da tsofaffin zannuwa da aka rataya, mutanen gabashin Sakkwato ne ciki waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Muka sayi gero da shinkafa da sukari da man gyaɗa, muka ɗaure tiya-tiya, muka sa aka buga mana ƙyalle mai sunan ƙungiya har da shekarar da muka gama makaranta. Na samu shugabansu na ce ya rubuto min sunayen magidanta, ya kawo takarda, muka tsaya a fili bakin kangon ana kiran suna mutum ya fito ya karɓa a ɗauki hoto. Wallahi ranar har wani daɗi nake ji a raina, na tura hotuna gurup ana ta Allah ya saka, Allah ya karɓa, wani ya ce ni ne gwamnan gobe.

Kwana huɗu bayan nan na je gaida Gwaggo, yayar mahaifina, ungozoma ce ta yi ritaya amma har yanzu in ana rigakafi ita ke bin gida-gida da 'yar jakarta. Ina ta ba ta labari ina nuna mata hoto, ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido tana kallo, can ta ce, "Ɗan nan, ina matan?" Na ce Gwaggo ai suna ciki, mazansu sun karɓar musu. Ta ce, "Wadda ba ta da miji hwa? Waɗanda anka kashe ma maza, wa yak karɓam musu?" Na yi shiru. Ta ce, "Kai mi kag gani? Ƙohwa kag gani. Gobe ka zaka da babur ka kai ni."

Washegari na kai ta. Ni na tsaya waje inda namiji ke tsayawa, ita ta yi sallama ta ɗaga buhun siminti ta shige. Ta fi awa biyu. Da ta fito ba ta ko dube ni ba, tana riƙe da hannun wata yarinya matashiya mai goyo, ta ce in tada babur mu tafi asibiti yanzu yanzu. A hanya take gaya min ɗakuna biyar ta ishe na zawarawa da ba su cikin takardata ko ɗaya, tun da na ce magidanta shugaban kuma magidanta ya rubuto, bai yi ƙarya ba bai ci komi ba, tambayata ce ta zo a karkace. Su waɗannan matan ranar rabo suna jin ana kiran suna ta bayan zane, ba mai fita, ga takaba ga kunya, wace ce za ta kutsa cikin maza tana cewa ni ma a ba ni.

Yaron da ke bayan yarinyar nan na gan shi da kyau da aka kwance shi. Shekararshi biyu wai, amma in ka ga hannun sai ka ce sandar rake ce da aka shanye, gashin ya yi ja ya yi laushi kamar na masara, ƙafafun kuma sun kumbura suna sheƙi, ni da jahilcina har na ce ai ƙafar da ɗan nama. Gwaggo ta danna babban yatsanta bisa ƙafar ta ƙirga uku ta ɗaga, wurin ya zauna rami bai taso ba. Ta ce ruwa ne. Ta zaro wani ɗan tef na roba daga jaka, mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta zagaya shi a damtsen yaron tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu ta ja, ya tsaya cikin ja. Ja yana nufin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa mai tsanani ke nan. Yaron ko kuka ba ya yi, kallo kawai. Kuma abin da ya fi ci min rai, ko da uwar ta samu shinkafata ba abin da za ta yi mai, yaron da ya kai nan ba ya iya cin tuwo, cikin ba ya karɓa, sai an kwantar da shi an fara da wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan, in kumburin ya sauka ya fara son abinci sannan a koma ga gyaɗar tamowa, wannan ta cikin 'yar leda da ake haɗawa da gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ba a dafawa ba a sa ruwa, a yage baki kawai yaro ya tsotsa. Leda ɗaya giram 92 ce, katan guda mai 150 shi ke tada yaro ɗaya cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Tun yunwar Nijar ta 2005 aka san amfaninta a Maraɗi nan maƙwabtanmu. Ita ce kuma wasu marasa tsoron Allah ke karkatarwa kana ganinta a kasuwa ana sayar ma manya suna shafa ma burodi, amma wannan maganar wata rana ce.

To tun ranar, duk labarin agaji da na ji, ko na ina ne, tambayata ɗaya ce, wa ke shiga ciki? Ba buhu nawa aka sauke ba.

Afganistan kuwa wurin kulle sun fi mu nesa ba kusa ba. Namijin da ba muharrami ba ba ya shiga, ba ya ganin fuskar matar gida balle ya tambaye ta ko nononta na zuwa, balle ya auna damtsenta in tana da ciki. Kuma ƙasa ce da yaƙin shekara arba'in ya cika da zawarawa. A irin wannan wuri ne ranar 24 ga Disamba 2022 hukumomin Taliban suka ce mata su daina aiki da ƙungiyoyin agaji, a Afrilun 2023 suka haɗa da masu yi ma Majalisar Ɗinkin Duniya aiki. An ɗan sassauta a fannin lafiya, wasu wurare kuma an yi ta sulhu gunduma-gunduma, ma'aikaciya ta fita amma da muharraminta, ƙungiya ta biya kuɗin motar mutum biyu a aikin mutum ɗaya. 'Yan mata an tsayar da su a aji shida, jami'a an rufe musu tun Disamban 2022, sannan a Disamban 2024 aka rufe musu makarantun koyon jinya da ungozoma, ƙofar da ta rage ke nan. Ka haɗa lissafin da kanka, an ce mace ba ta zuwa wurin likita namiji, an kuma ce mace ba ta karatun likita, to nan da shekara goma wa zai karɓi haihuwa? Ina za a samu irin su Gwaggo? Bayan girgizar Kunar sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito tana roƙon a bar mata ma'aikata su isa wurin saboda yawancin masu jinyar da ke wurin maza ne. A Satumban 2025 ɗin dai aka hana matan ƙasar shiga ofisoshin Majalisar, har UNHCR ta rufe cibiyoyin da take ba masu dawowa kuɗi, don ba mai yi ma matan tambayoyi ba mai ɗaukar bayanansu. Buhu yana nan, kuɗi yana nan, an rasa mai ɗaga labule.

Na san akwai abokaina da za su ce ka ji shi, ya ɗauko farfagandar Turawa, don mutanen nan sun kafa shari'a ne ake jin haushinsu. Ɗan'uwa dakata. Ƙungiyar OIC ta ƙasashen Musulmi ta fito ta nemi a janye hanin da aka yi ma mata, Shehun Azhar ya fito ya ce hana mata karatu ya saɓa ma shari'a, kuma wadda ta jagoranci tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa Kabul da Kandahar a Janairun 2023 don wannan magana 'yarmu ce, Amina Mohammed. Ban da haka ma, ni ɗan Sakkwato wani zai koya ma wannan? Garin nan 'yan hijira suka kafa shi, Shehu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804 da mata da yara da littattafai, an sha yunwa an sha annoba a hanya. Bayan abubuwa sun lafa, ƙauyuka cike da zawarawa da marayu da matan da yaƙi ya ɗaiɗaita, me Nana Asma'u ta yi? Ba ta tara maza a fili ta ce su kai ma matansu karatu ba. Jajjai ta naɗa, dattijan mata, ta ɗora musu malfa, su ke bin ƙauyuka suna shiga gida-gida, su kawo 'yan taru, wato mata ɗalibai, wurinta su koma da karatu a waƙe, suna kula da marar lafiya da mai haihuwa da gawa. Kusan shekara 200 ke nan. Ita ta san inda namiji ke tsayawa, ta nemi wadda za ta wuce wurin. Gwaggo da 'yar jakarta jikanyar wannan tsari ce ko ta sani ko ba ta sani ba.

Amma kuma kar a ce na wanke ɗaya ɓangaren, don su ma hannunsu dumu-dumu. Kafin 2021 wajen kashi 75 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin Afganistan ke kashewa daga waje yake zuwa, shekara 20 an gina ƙasa bisa ƙafar aro, rana ɗaya aka zare. Amurka ta riƙe dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar, daga baya aka kai rabi wani asusu a Suwizalan, bankuna suka tsaya cak, malamin makaranta da nas suka yi watanni ba albashi, har ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya a jirgin sama take shigo da takardun dala don ta iya biyan aiki. Ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 40, wajen miliyan 23 ne ke buƙatar agaji a 2025. A 2023 Hukumar Abinci ta Duniya ta cire mutum miliyan 10 daga rabo don kuɗi bai kai ba. A 2025 gwamnatin Trump ta yanke tallafin Amurka, wadda ita ce babbar mai bayarwa, ƙananan asibitoci sama da 400 suka rufe, irin na ƙauye waɗanda su ke riƙe da tef ɗin nan da katan ɗin gyaɗa. Daidai lokacin da Iran da Pakistan ke juyo mutum miliyoyi. Hujjarsu wai kar kuɗi ya faɗa hannun Taliban. To na ji, amma ban taɓa ganin hoton ministan Taliban da damtsenshi ya shiga ja ba. Masu mulki sun rufe ƙofa ta ciki, masu kuɗi sun rufe ta waje, yaron da ke tsakiya bai san sunan ko ɗaya cikinsu ba.

Wani a gurup ya taɓa tambaya ko za mu tara tsofaffin kaya a aika irin waɗannan wurare. Na ce mai kuɗin jirgin ya fi kayan tsada, kuma masu aikin sun daɗe da gano in dai kasuwa na ci gara a ba iyali kuɗi a hannu, mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo, wata gawayi take so, wata haya, wata maganin tari, mai shagon unguwa shi ma ya samu ciniki. Mai hali da ke son zakkarshi ta kai can akwai hanya, UNHCR ma tana da asusun zakka na 'yan gudun hijira. Amma gaskiya yadda dala take yanzu yawancinmu abin da za mu iya shi ne na bakin ƙofarmu, Gandi da Goronyo da Isa da Sabon Birni, da dubban da suka tsallaka Maraɗi tun 2019, da waɗanda ke kwana a kangaye da tashoshin mota cikin garin nan muna wuce su kullum. Shi Baba na teburin shayi a nan yana da gaskiyarshi, namu ma suna nan. Inda muka rabu da shi kawai, shi yana ganin mota ta kai mutum gida magana ta ƙare.

Jiya da la'asar na sake kai Gwaggo kangon, yanzu an ƙaru, har an kafa bukkoki na leda a bayan ginin. Yaron nan yana nan, ya yi sati uku a asibiti wancan karon, yanzu yana yawo da riga ba wando yana jan gwangwani da zare, bai san ni ba, da na miƙa hannu ma gudu ya yi. Na zauna bisa babur ina danne-dannen waya ina jin muryarta daga ciki tana ma wata faɗa a kan ta raba gyaɗar yaro ɗaya ma ɗiya uku, matar tana cewa to Inna ya zan yi sauran suna kallo. Can sai ga hannu ya fito ta gefen buhun siminti da 'yar takarda an yago daga littafin makaranta, sunaye ne da rubutun ajami, ɗaki-ɗaki, kowane da adadin yara a gefe, wasu an yi musu zagaye da jan biro.

"Na azumi mai zuwa ke nan, da wagga za ku raba," in ji ta daga ciki. "Masu jan nan kuma ba su jiran azumi. Tai ka sawo bargo huɗu da sabulu kahin a yi magariba, kuma kak ka zaka min da wanga ƙyalle naku mai suna."

Na tada babur na kama hanyar Tsohuwar Kasuwa, ban kai kwana ba waya ta yi ƙara, ita ce, wai bargon a mai da shi shida.